Ƙullin Kabar Bakin Gona

Kwana huɗu ke nan duk lomar da Iyatu ta kai baki sai ta tsaya mata a maƙoshi. Goggo Gaji, ƙanwar babanta wadda ta raine ta tun daga yaye, ta ɗauka ciwon shawara ne ya kama ta, har ta jiƙa mata saiwa ta tsare ta sai da ta shanye. Ta sha, ta gode. Amma ciwon ba na saiwa ba ne. Yana nan ƙulle a gefen zaninta, busasshen ganyen kaba ne da bai fi kamu ɗaya ba, mai ƙulli uku.

Bari in faɗa muku abin da kabar nan take nufi, don kada ku ce yarinya ta rasa abin damuwa.

Shekara ashirin da 'yan kai rugar Baffa Mailafiya, mahaifin Iyatu, tana zaune a gindin duwatsun da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, kusa da ƙauyen Gindin Fa. Da damina shanu su hau cikin duwatsu su yi kiwo. Da kaka su sauko gonar Malam Nata'ala su ci kara da harawa, su kwana a ciki su bar masa taki. Ba takarda tsakaninsu, ba shaida. Alamarsu ɗaya ce. Malam Nata'ala yakan kafa itace a bakin gona ya ɗaura masa kaba ƙulli uku. Muddin kabar tana nan, saniya ba ta taka gonar. Ranar da ya gama kwashe amfaninsa sai ya kwance da hannunsa, Baffa ya gani, ya sako shanu. Ko sau ɗaya ba a taɓa jin kansu ba.

A cikin wannan zaman amanar Misbahu, ɗan Malam Nata'ala, malamin makarantar Islamiyya, ya ce shi duniya Iyatu yake so. Ita ma haka, ko da yake bakinta bai taɓa furtawa ba. Dangi dai kowane ɓangare sun murtuke. Na ƙauye suna cewa 'yar daji ba za ta iya zaman ɗaki ba, na ruga suna cewa ba a taɓa kai 'yarsu gidan manomi ba. Da ƙyar da siɗin goshi aka tsayar da magana cewa in an kai amfani gida, manya za su zauna.

Sai ga shi bana ruwa ya ɗauke da wuri. Ciyawar duwatsu ta bushe tun ba a yanke dawa ba, shanu suka fara nuna haƙarƙari. Ashafa, ɗan wan Baffa, wanda ya baro dajin Ningi takanas saboda Iyatu, ya samu abin yi. Kullum in an zauna shan fura sai ya ce, "Baffa, can wajenmu ciyawa har gwiwa." Ya yi ta faɗa har Baffa ya yanke magana: in ranar kasuwa ta zo kaba tana ɗaure, za a ɗora kaya a yi kudu, sai ruwa ya sauka a dawo.

Rabuwar wata bakwai ke nan. Iyatu kuwa ta san ruga in ta tashi ba lallai ta dawo inda ta bari ba.

Ana gobe kasuwa, tana dawowa daga tallan nono da la'asar, ta tsaya a bakin gonar. An kai gero rumbu, an yanke dawa an kwashe. Idon makiyayi in ya kalli gona irin wannan, kara da harawa kawai yake gani. Ta ce a ranta, ai tsohon nan mantawa ya yi. Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta sa hannu ta zare kabar.

Abin da ba ta sani ba, wanda kowa a Gindin Fa ya sani, shi ne wake kanannado ba ya nuna sai an yanke dawa ya sha rana. A bayan dutsen da ya raba gonar biyu, ga shi nan shimfiɗe ya yi 'ya'ya jingim, saura mako guda a yi roro. Rabinsa na gidan Malam Nata'ala ne. Rabin kuma gayaunar Misbahu ce, wadda ya noma da hannunsa don ya haɗa mata lefe.

Da safe Baffa ya ga itace ba kaba, ya yi hamdala ya sako shanu. Kafin rana ta take, ko kwanso ɗaya ba su bari ba.

Ranar saura ƙiris a zubar da jini. Samarin ƙauye suka fito da fartanyu da gora, na ruga suka gyara riƙon sanda. Malam Nata'ala yana rawar jiki yana cewa shi bai kwance ba, Baffa yana cewa shi a kwance ya tarar. Sai Misbahu ya ratsa tsakiya ya ɗaga hannu.

"Ni na kwance. Mantawa na yi da waken baya. Kowa ya ajiye abin hannunsa."

Aka ajiye. Amma mahaifinsa bai yarda ba, ya ce wanda ya shuka wake ya nome shi sau biyu ba zai manta da shi ba, asirin surukansa yake rufawa. Magana ta je gaban Dagaci. Shekarar kuwa ita ce aka ƙaddamar da shari'a, kowa jikinsa ya yi sanyi da sha'anin rantsuwa. Dagaci ya ce abu mai sauƙi ne. Misbahu ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ranar Alhamis. In ya rantse, magana ta mutu. In ya ƙi, to an san daga inda ɓarna ta fito, ruga ta tashi daga ƙasarsa ba dawowa.

Yau Laraba.

* * *

Tana tsugune a bayan bukka tana wanke ƙore sai inuwa ta rufe ta. Ko ba ta ɗaga kai ba ta san Ashafa ne, daga ƙamshin turaren da yake zubawa kamar a rijiya yake ɗiba.

"Sannu da aiki, ƙanwata."

"Yawwa, Hamma."

Ya dogara da sandarsa ya harɗe ƙafa. "Gobe Kaɗon naki zai dafa Littafi."

Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita tas.

"Kin san ni da sawu," ya ce, ya rage murya. "Ko maraƙi ya ɓata a kan fa ina nemo shi. Ranar da abin ya faru na duba gindin itacen nan kafin mutane su tattake. Takalmin roba ne, na mace, an ɗinke dunduniyar hagu da zare."

Iyatu ta ja ƙafarta ta hagu ta cusa ƙarƙashin zani. Ƙwaryar ta suɓuce ta kife a ƙasa.

"Kwantar da hankalinki, ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba. Jininmu ɗaya, kunyarki tawa ce. Ke dai ki ja bakinki. Ya rantse, sunan Baffa ya fita fes. Abin da zai biyo baya tsakaninsa da Littafi, wannan ba ruwanmu."

"Hamma, ƙarya fa zai rantse a kai."

"Wa ya aike shi?" Ya ɗaga kafaɗa. "Ki tuna Baffa. Shekara sittin ba a taɓa kiransa gaban hukuma ba. Ki tashi gaban maza ki ce ke ce, wallahi kin kashe shi da ransa."

Ya juya ya tafi yana kaɗa sanda. Abin haushin shi ne, duk son zuciyar da ke cikin maganarsa, bai yi ƙarya ba ko guda.

Ta ɗago ido ta hango Baffa can bakin garke yana cire wa wata saniya kaska. Iyatu ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ce mata 'yata ba. Fulako ya hana. In zai aike ta sai ya kalli wani wuri ya ce, "Ke, miƙo ruwa." In an tambaye shi ita a gaban mutane sai ya ce, "Ta wajen Gaji?" Amma duk ranar kasuwa sai ta tarar da alawa a cikin faifanta, ba a san wanda ya ajiye ba. Wannan mutumin ne ta sa ya tsaya gaban jama'a yana cewa "a kwance na tarar," da gaskiyarsa, alhali abin yana gefen zanin 'yarsa.

Ta ji ta tsani kanta, tsana mai tsanani.

* * *

Da la'asar ta ɗauki tulu ta ce wa Goggo za ta ɗebo ruwa. Akwai wani gurbi a cikin duwatsu da ruwa ke kwanciya har tsakiyar rani, hanyar Misbahu ce in ya taso daga makaranta. Ta same shi zaune a kan fa, kekensa a jingine. Kwana uku kawai, amma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Na san za ki zo," ya ce, ya yi murmushin da bai kai ido ba.

Ta ajiye tulun. Ta durƙusa nesa da shi kaɗan, ta kwance gefen zaninta, ta ɗora kabar a kan dutse tsakaninsu.

Ya kalli kabar, bai nuna mamaki ba.

"Mayar ki ɓoye."

"Malam, ka sani?"

"Tun ranar. Sau uku kika tambaye ni a makon da ya wuce yaushe Baba zai kwance kaba. Da na ga shanu a cikin waken, fuskarki na fara nema a cikin taro. Da na gan ki, ban buƙaci tambaya ba."

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka daɗe ana dannewa.

"Wallahi ban san da wake ba! Wallahi kara na gani. Cewa aka yi za mu tashi, ni kuma na kasa... na kasa..." Ta rufe fuska da mayafi. "Na cuce ka, na cuci Baba, na cuci Baffa. Wahalarka ta shekara guda na ba shanu da hannuna."

"Waken ai naki ne dama. Lefenki ne kika ciyar da shanunku, wa zai kai ƙara?"

"Kada ka yi mini wasa, don Allah. Wasan nan ya fi zagi ciwo."

Can ƙasa ana jin kukan shanu suna komawa garke.

"Iyatu, saurare ni. In na janye maganata gobe, Dagaci zai tashe ku. Baffa zai bar wurin da ya binne mahaifiyarsa, da sunan maci amana. Ke kuma in aka san ke ce, matan ƙauyen nan za su yi ta yi da ke har ki tsufa, kuma Baba ba zai taɓa yarda ki shigo gidansa ba. In na rantse kuwa, iyakaci a ce Misbahu sakarai ne mai mantuwa. Zan iya ɗaukar wannan."

"Littafin fa?"

Ya kawar da kai. "Zan yi kaffara. Zan yi azumi."

Ta sauke mayafin ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni jahila ce, Malam, amma ina da kunne. Ranar da na kawo nono makarantarku ina tsaye a bakin taga, na ji ka da bakinka kana karantar da matan aure. Ka ce wanda ya rantse a kan ƙarya yana sane, rantsuwarsa ta fi ƙarfin kaffara. Ka ce dulmiya mai ita take yi. Ko ba kai ka faɗa ba?"

Ya mayar da idonsa kan kabar da ke tsakaninsu.

"Kana tsoro," ta ce a hankali.

"Ina tsoro." Muryarsa ta karye. "Kwana uku in na ɗauki Alƙur'ani zan biya wa yara sai in ji hannuna ya yi nauyi. Amma na auna, na sake aunawa. Rabuwa da ke ta fi ba ni tsoro. Allah Ya yafe mini, gaskiyar ke nan."

"To in ka rantse aka ba ka ni, da wane ido zan riƙa kallonka? Kullum ka yi tuntuɓe in ce rantsuwa ce. Ka yi zazzaɓi in ce ita ce. Mu haifi ɗa ya yi tari in ce alhakin ne ya biyo shi. Wannan aure ne?"

"In kika yi magana babu auren ma gaba ɗaya."

"Na sani."

"Iyatu, na roƙe ki don girman Allah, gobe ki zauna a ruga. Ki yi mini wannan alkawarin kawai."

Ta ɗauki kabar ta mayar gefen zani ta ƙulle. Ta cika tulunta, ta ɗora a ka, hawaye na bin haɓarta.

"Ki yi mini alkawari mana!"

Ba ta waiwayo ba. Ruwan yana ta fantsalowa yana jiƙa mata baya har ta isa gida.

* * *

Alhamis da hantsi ƙofar Dagaci ta cika. Mutanen ƙauye a gefe guda, na ruga a ɗaya gefen da malafunansu, kowa ya ajiye sanda a gabansa. Baffa Mailafiya yana zaune a kan buzu, kansa a ɗage, don shi a saninsa ba shi da abin kunya. Ashafa na bayansa. Malam Nata'ala kuwa ya haɗa rai, ko inda ɗansa yake ba ya kallo.

Mata ba sa zuwa irin wannan zama. Iyatu ta ce wa Goggo Gaji za ta kai nono cikin gari, sai Goggo ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Nono ba ƙwarya?"

Iyatu ta sunkuyar da kai.

"Na ga abin da ke gefen zaninki tun shekaranjiya da kike wanka," Goggo ta ce, tana yafa mayafi. "Jira nake in ga irin tarbiyyar da na yi. Wuce mu je. In ƙafarki ta gaza, ki dafa ni."

Sun iso daidai lokacin da Misbahu ya gama alwala. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Liman ya warware Alƙur'ani daga cikin gafaka ya ɗora a kan tabarma, wuri ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a kan tsamiya.

"Misbahu," in ji Dagaci, "ka san abin da ke gabanka, kai malami ne. Har yanzu kana kan maganarka?"

"Ina kai, ranka ya daɗe."

Malam Nata'ala ya runtse ido. Duk fushinsa, ɗansa ne.

"To matso."

Ya matso ya durƙusa. Ya ɗaga hannun dama. Saura kamu ɗaya tsakanin tafinsa da bangon Littafi.

"Kada ka taɓa!"

Ita kanta ba ta san muryarta tana da wannan ƙarfin ba. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ta ratsa tsakanin maza, ba takalmi, don ta tuɓe su a baya, ta zube a gaban Dagaci. Ashafa ya yunƙura zai tashi, Goggo Gaji ta watsa masa wani kallo, ya koma ya zauna.

"Wace ce wannan?" in ji Dagaci.

Iyatu ta kwance gefen zaninta ta ajiye kabar a kan tabarma. Ƙulli uku, irin ɗaurin da duk Gindin Fa aka san na Malam Nata'ala ne.

"Ranka ya daɗe, ni na zare ta. Ranar Lahadi da la'asar. Ba wanda ya aike ni, ba wanda ya sani. Baffa a kwance ya tarar, gaskiya ya faɗa. Baba bai kwance ba, shi ma gaskiya ya faɗa. Wannan kuma," ta kasa kiran sunansa, ta nuna shi da haɓa, "ƙarya ya yi don kada a yi jini."

Salati ya tashi ta ko'ina. Wani daga baya ya ce, "Ai dama mun faɗa!" Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Me ya kai ki, yarinya?"

Nan ne fa. Da an ce mata ta faɗa wuta da ya fi mata sauƙi. 'Yar Fulani, gaban mahaifinta, gaban maza sama da hamsin.

"An ce za mu tashi," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ni kuma ba na son in yi nisa da garin nan. Na ga an kwashe dawa, na ɗauka an gama. Ban san wake yana jiran rana ba."

Ba ta ƙara ba, kuma ba wanda bai gane ba. Misbahu ya janye hannunsa ya rufe fuska da shi, kafaɗunsa na girgiza. Liman ya yi maza ya mayar da Alƙur'ani cikin gafaka yana faɗin alhamdu lillahi.

Malam Nata'ala ya miƙa hannu ya ɗauki kabar, ya jujjuya ta. Sannan ya dubi ɗansa.

"Da ka dafa ke nan?"

"Da na dafa, Baba."

"Saboda mace."

Tsohon ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa, ko na fushi ne ko na godiya, ni dai ban iya rarrabewa ba.

Dagaci ya gyara zama. "To, magana ta fito. Tambaya nake, 'yar wa ce? Wa ke tsaya mata?"

Kowa ya san amsar, kuma kowa ya san abin da Baffa zai ce, ta wajen Gaji ce. Goggo har ta buɗe baki za ta karɓa. Sai aka ga Baffa Mailafiya ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya cire malafarsa. Mutumin da ya shigo kansa a ɗage, yanzu kamar an ƙara masa shekara goma. Ya tako har gaban Malam Nata'ala, ya sunkuya ya ajiye sandarsa ta kiwo a ƙafafunsa.

"'Yata ce," ya ce. "Ni na haife ta. Abin da hannunta ya yi, nawa ne ya yi. Nata'ala, na tsaya gabanka na ƙaryata ka, alhali ɓarnar daga bukkata ta fito. Ka shiga garke ka zaɓi abin da zai share maka hawaye. Gobe in Allah Ya kai mu za mu bar muku ƙasarku, ba sai an kore mu ba."

Ya juya zai tafi.

"Mailafiya," in ji Malam Nata'ala, bai ɗago ba. "Ka bar sandarka."

"Na bar maka ita."

"Makiyayi ba ya kama hanya ba sanda. Tana wajena. Ran da zuciyata ta sauka zan aiko ka karɓa, kafin nan ban sallame ka ba." Ya cusa kabar a aljihu. "Amma maganar yaran nan, kada wanda ya ƙara tayar mini da ita."

Misbahu ya ɗago da sauri. "Baba..."

"Rufe mini baki."

Iyatu tana durƙushe inda take. Ta raba Misbahu da rantsuwa, ta kuma ji da kunnenta abin da hakan ya ci. Ba ta yi nadamar tashi ba. Nadamarta tana can ranar Lahadi, a bakin gona.

Sai ta ga ƙafafun Baffa sun tsaya a gabanta, faso duk ya tsattsaga dunduniyarsu. Ta jira mari. Ta jira ya wuce ya bar ta a nan. Wallahi da ya yi ɗaya daga ciki da ta ji sauƙi.

"Iyatu," ya ce.

Ta ɗago a firgice. Idonsa na kanta, ba a wani wuri ba.

"Iyatu, tashi mu je gida."

Shekara ashirin da ɗaya tana son ta ji yadda sunanta zai fito daga bakin nan. Ta sha rayawa a ranta cewa ranar aurenta ne zai faɗa, a hankali, in ba kowa. Sai ga shi ta ji shi a ranar da ta sa ya tuɓe malafa gaban mutane.

Ta tashi ta bi bayansa. Yana tafe a gaba, hannunsa na dama yana ta laluben sandar da babu, ita kuma tana kuka har suka shiga cikin duwatsu.